Jan Rairayin Uwar Talatu

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya watsa halittu a kanta, mai ƙafa huɗu da mai biyu da mai jan ciki, wanda muka sani da wanda ba za mu taɓa sani ba. Ni ne Mantau ɗan Jatau, gardi jikan gardi, mutumin Tsaunin Gwaska. Ku yi mini haƙuri in kun ga ina tsayawa ina matsa gwiwa. Ƙafafun nan sun je inda ba a halicce su don zuwa ba, kuma har yau ba su yafe mini ba.

Sana'ar gidanmu wasa da kura. Da ubana zai rasu bai bar mini gona ba, bai bar mini saniya ba. Sarƙa ya bar mini, da takunkumi, da kulki. Ni da matata Yalwa Allah bai ba mu haihuwa ba. Wata shekara na tsinci 'yar kura a tarkon maharba, ƙafarta ta baya ta hagu a karye. Na kawo ta gida da niyyar horo, amma Yalwa ta karɓe ta daga hannuna, ta ɗaure mata ƙafar da kara, ta riƙa ɗiga mata nonon akuya da tsumma. Ran Talata aka kawo ta, sai ta sa mata suna Talatu. Tun mutane suna kiran matata Uwar Talatu don tsokana, har sunan ya kama ta, har liman ma da shi yake gaishe ta.

Ƙafar ba ta warke daidai ba. Kowace safiya za ka ga sawun Talatu a tsakar gida, tafi uku da ja ɗaya, kamar an ja sanda a ƙasa. Yalwa tana shara tana mita, tana cewa ita kam ba ta san ranar da za ta huta da wannan gurguwa ba. Ranar ta zo. Talatu ta tsufa, haƙoranta suka zube, wata safiya muka same ta kwance a gindin turkenta ta riga ta sandare.

Daga ranar Yalwa ta ajiye tsintsiya. Ta jawo tabarma gaban turken ta zauna, ta daina cin abinci.

Na ce, "Uwar Talatu, ki sha kunun nan ko kaɗan."

Ta ce, "Ajiye can."

"Jiya ma can na ajiye, ƙudaje suka yi biki."

"Su ma bayin Allah ne."

Na ce zan shiga daji in kamo mata wata. Ta ɗago kai ta dube ni da idon da ban taɓa gani ba. "Kada ka soma, Gardi. Duk kurar da ka kawo zan dube ta in ce Talatu ta fi ta kunne, ta fi ta ladabi. Kare ma haka, biri ma haka. Duk abin da na sani, da ita zan gwada shi."

"In na kawo abin da ba ki sani ba fa? Dabbar da ba ta yi kama da komai ba?"

"Ka tsufa."

"Na tsufa, ban mutu ba."

Ta mayar da ido kan turken. Can ta ce, "To je ka. Zan sha ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, daga hannun ƙanwata Lantana, har ka dawo. Amma in ka dawo hannu wofi, ka sake ni. Kada ka ƙara ce mini sha."

A kan haka muka ƙulla. Na naɗa sarƙar ubana a ƙugu, na rataya takunkumi, na soke kulki, na fita.

Na bi fatake har inda ƙasa ta ƙare ruwan gishiri ya fara. A can na ji matuƙan jirgi suna labarin wata ƙasa a ƙarshen kudu, wadda suka ce Ubangiji ya halitta da ragowar kayan da suka saura bayan ya gama sauran duniya. Na shiga jirginsu ina kwashe musu ruwa a madadin kuɗin hanya. Muka yi ta tafiya har taurarin da na sani suka nutse ɗaya bayan ɗaya, waɗansu baƙi suka fito. Sai wata iska ta zo ta karya jirgin kamar yadda mace ke karya kara a bakin murhu. Na rungumi wani katako. Sarƙar tana ja na ƙasa, katakon yana ja na sama, ni kuma a tsakani ina shan gishiri. Na ƙi kwance ta. Gardi ba sarƙa ai tsirara yake.

Ruwa ya tofar da ni a kan wani rairayi ja kamar garin barkono. Da na farfaɗo na duba, sai na ga matuƙan nan ba su yi ƙarya ba. Itatuwan ƙasar ɓawo suke zubarwa su riƙe ganye. Dinyarsu, tsuntsuwar ruwa, baƙa ce wuluk da jan baki. Rana ma ta arewa take bi, inuwata ta koma inda ba ta saba kwanciya ba, har na rasa inda zan fuskanta in yi salla, na yi ta bisa zato ina neman gafara.

Ina cikin tafiya sai na ga dabbar farko. Kai na barewa, kunne na jaki, hannaye ƙanana kamar na kuturu, ga ƙafafun baya dogaye da wutsiya mai kaurin taɓarya. Tana tsaye kamar mutum. Ina kallonta sai wani ɗan kai ya leƙo daga cikinta, ashe aljihu gare ta a ciki, ɗanta yana zaune a ciki kamar goro. Na ce alhamdu lillahi, tafiya ta yi gajarta. Wannan ko Yalwa ta shekara tana dubawa ba ta samun inda ta yi kama da Talatu.

Na yi zarge, na lallaɓa ta bayan iska kamar yadda ubana ya koya mini, na jefa. Zargen ya shiga. Kura in ta ji igiya baya take ja, kai kuma ka tokare. Na tokare ina jiran ja. Ita kuwa sai ta taho gabana, ta dafa kafaɗuna da hannayen nan kamar za ta yi mini gaisuwar mutuwa, ta zauna a kan wutsiyarta, ta ɗaga ƙafafu biyu ta zuba mini a ƙirji.

Da na buɗe ido ina kwance a cikin ƙaya, wani tsuntsu mai babban kai yana kan reshe yana ƙyaƙyata dariya irin ta mutum. Kusa da shi a ƙasa wani dogon mutum ne mai furfura da siraran ƙafafu, shi ma yana taya shi. Wannan shi ne Kambarri. Shi ya ja ni zuwa wurin mutanensa, suka ɗaure mini haƙarƙari da ɓawon itace. Kafin ƙashi ya haɗe, kunnena ya buɗe da harshensu.

Abin da na fahimta game da su ke nan. Ba su da garke, ba su da turke, ko kaza ba sa kiwo. Amma ba wanda ba shi da dabba. Ranar da ɗa ya fara motsi a ciki, uwar takan duba dabbar da ke kusa da ita, wannan ita ce 'yar'uwarsa har ya mutu. Ba ya cin namanta, yana gyara mata wurin shan ruwa, ya san hanyarta da lokacin haihuwarta. Kambarri ɗan'uwan wata irin jimina ne mai gashi kamar tsohuwar bukka.

Ya ce, "Ka ga ƙafafuna ai ka san ba ƙarya. Kai fa, Tsohon Teku, wace ce taka?"

Na ce kura, na kwatanta masa ita. Ya ɗaga sarƙata yana jujjuyawa. "Wannan kuma na mene ne?"

"Da ita ake ɗaure ta."

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Tawa ce."

"In taka ce, ina za ta je?"

Na ce, "Kai dai ba ka san kura ba." Ya ce gaskiya ne, amma ya ga yadda na san mai aljihu. Suka yi ta dariya har da masu goyo.

Na gaya masa abin da ya kawo ni, da ludayin Yalwa. Ya daina dariya. Ya ce duk dabbar da na nuna a ƙasar nan tana da ɗan'uwa, sai ɗaya. A wani tafki mai baƙin ruwa akwai Gurrumba. Na tambayi kamanninsa. Wani ya ce kan kare gare shi da wuyan jimina. Wata ta ce ƙarya ne, gashi ne da shi har ƙasa da haure biyu. Wani tsoho ya ce ya gan shi da idonsa, ba shi da kai ma sam. Abu ɗaya suka yarda a kai, yana cin wanda ya sunkuya shan ruwa shi kaɗai.

Na ce, "Kuma ba ɗan'uwan kowa ba ne?"

Kambarri ya ce, "Wace uwa ce za ta tsaya kusa da shi har ɗa ya motsa?"

Da rana tsaka muka je. Kambarri ya hau itace ya ce daga nan zai fi taimakona. Na ɗaura gawar wani ƙaton guza a bakin sarƙa, ɗaya bakin kuma na ƙulla a ƙuguna kamar yadda gardawa ke yi, don hannu yakan gaji amma ƙugu ba ya saki. Na jefa. Ruwan ya yi shiru. Sai na ji an ja ni, ba fizga ba, ja a hankali irin na mai jan guga. Na kafa diddige, ƙasa ta tsage. Na shiga laka zuwa gwiwa, zuwa cibiya, zuwa inda mai aljihu ta yi mini tambari. Ƙullin ya ɗaure tam, ba ya kwantuwa sai sarƙa ta yi sako-sako.

Sai ya fito. Kada ku tambaye ni kamanninsa, domin ni ma in na faɗa wani zai ƙaryata ni. Na dai ga ido biyu kamar faifai, da baki cike da sarƙar ubana, da wari irin na rijiyar da akuya ta mutu a ciki. Kulkina yana tudu. Addu'ar da na sani ta gudu daga kaina. Abin da ya zo bakina shi ne kukan Talatu, wanda take yi in ta ji Yalwa ta dawo daga rafi, mai farawa ƙasa ya hau sama ya ƙare da dariya. Na yi shi da iyakar ƙarfina.

Ja ya tsaya. Gurrumba ya karkata kai. A duk zamansa a tafkin nan bai taɓa jin irin wannan murya ba. Na sake yi. Sai na ga maƙogwaronsa yana motsi, ya buɗe baki yana son ya gwada. Sarƙa ta yi sako-sako. Na kwance ƙullin da yatsun da ba na ji, na riƙa ja da baya ina kuka yana amsawa, ina kuka yana amsawa, har bayana ya taɓa busasshiyar ƙasa. Ya haɗiye guzan da sarƙar ya nutse.

Kambarri ya sauko ya ce, "Ka ga amfanin hawa itace? Da ina ƙasa wa zai ba da labari?" An ce har yanzu in rana ta take ana jin kukan kura a tafkin nan, a ƙasar da ba a taɓa haihuwar kura ba.

Bayan wannan na gaji, gajiyar da barci ba ya magani. Ba sarƙa, ba ƙarfi, muryata ta dushe. Sanyi ya zo lokacin da ya kamata a yi zafi, ya wuce. Duk sanda aka miƙo mini abinci sai in ga ludayin nan a idona, in ce ko Lantana tana cika shi, ko rabi take zubawa.

Wata yamma ina zaune a bakin wata ƙorama ina jiƙa ƙafa, sai wani ɗan abu ya taso a ruwa. Girmansa bai wuce na gafiya ba. Baki na agwagwa, gashi mai laushi kamar na kyanwa, tafin ƙafa mai fata tsakanin yatsu, wutsiya faffaɗa kamar muciyar da aka daka. Ya yi iyo ya kewaya, ya dube ni da ɗan ido kamar ƙwayar gero, ya nutse. Kambarri ya ce sunan dabbar Malinga. Ƙwai take yi kamar kaza, in ta ƙyanƙyashe kuma ta shayar da nono kamar akuya. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya kai ni raminta na gani da idona.

Na ce, "Ita ce. 'Yar'uwar wa ce?"

Ya sosa kai. "Ta yayata ce, Dirrawa."

Dirrawa tsohuwa ce ƙarama, ba ta cika magana ba, kullum tana riƙe da sandar haƙa. Na yi yadda ake yi a garinmu. Na sami zuma na kai mata, na durƙusa, na gaishe ta, na faɗi buƙatata. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Ba tawa ba ce da zan ba ka. Ba tawa ba ce da zan hana ka."

A garinmu in dattijo ya ce maka haka, ya ba ka ke nan, kunya ce ta hana shi faɗa kai tsaye. Na yi godiya har goshina ya taɓa ƙasa. Washegari na kama Malinga ɗaya da komar kamun kifi, na sa ta a babbar ƙwarya da ruwa da laka, na rufe da saƙar ciyawa, na ɗora a ka. Na yi sallama da Kambarri, wanda a ranar ko wasa ɗaya bai yi ba, na nufi bakin teku.

Da na waiwaya sai na ga Dirrawa tana biye da ni. Na ji daɗi, na ce mutanen nan sun san rakiya. Muka wuce itatuwan ƙarshe na ƙauyensu, na tsaya na ce, "Iya, rakiyar ta isa haka. Na gode, Allah ya saka. Ki koma." Ta gyaɗa kai. Na ci gaba, ta ci gaba. Da rana ta yi zafi na sake cewa, "Iya, mai rakiya ai ba ya kai baƙo gida." Ta gyaɗa kai. Inda na sauke ƙwarya, sai ta tsuguna ta haƙo tana ta zuba a ciki, ta zubar da tsohon ruwa ta nemo sabo, ta sa baki kusa da saƙar tana yin wata magana ƙasa-ƙasa.

Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. Ƙasar ta koma duwatsu masu kaifi. Ni ina da fatar da na ɗaura a ƙafa, ita ba ta da komai. Na fara ganin ɗigon jini a kan sawunta. Malinga kuwa ta daina cin tanar, gashinta ya daina sheƙi, ta lafe a gefen ƙwarya. Na san wannan lafewar. Na bar irinta a kan tabarma a gida.

Ranar da muka hango teku daga kan wani tudu na sauke ƙwaryar na ce, "Iya, don girman wanda ya halicce ki, har ina za ki raka ni?"

Ta ce, "Ba kai nake bi ba."

"Ruwa ne a gabanmu. Ruwan da ya karya jirgi."

"Na gani."

"Ba za ki kai ba."

"Ita ma ba za ta kai ba. Gara ta mutu kusa da wanda ya san ta."

Na zauna a kan dutse. Ban san lokacin da na fara ba ta labarin Yalwa ba, ba irin wanda na ba ta ranar zuma ba, na gaskiya, da tsumman nono, da mitar shara, da tafi uku da ja ɗaya. Ta tsayar da ni a nan.

"Da ta mutu, sawun fa? Wa ya riƙe shi?"

"Wane irin riƙe? Iska ta share shi."

Ta yi tsaki, tsakin farko da na ji a ƙasar. "Kuka bar sawu ya mutu tare da dabba? To dole matarka ta zauna. Ba ku bar mata aikin safe ba."

Muka juya. Ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, sai na goya ta, ƙwarya a ka, tsohuwa a baya, tsoho a tsakani. In na faɗa muku tsawon hanyar nan za ku gaji kamar yadda na gaji. Da muka isa ƙoramar na karkata ƙwaryar. Malinga ta tsaya a baki kamar ba ta yarda ba, sannan ta silale, ko waiwaye ba ta yi ba.

Dirrawa ta sa na zauna a kan rairayin bakin ruwa. Ta share wuri da tafin hannu har ya yi sumul. Ta dunƙule yatsu ta dangwala, ta buɗe su ta ja kaɗan, ta sa gefen hannu ta bi tsakiya. Sai ga sawun Malinga, kamar yanzu ta wuce. Ta ce a wurinsu duk wanda tafiya ta raba shi da dabbarsa yakan ɗebi rairayin ƙoramarta. Kowace safiya ya shimfiɗa, ya yi sawun, ya faɗi inda ta je jiya da abin da ta ci da wanda ta yi faɗa da shi. Wanda tasa ta mutu ma haka yake yi.

Na gwada. Ta ce wannan sawun kwaɗo ne mai ciwon baya. Na sake, ta buge mini hannu da sandar haƙa. Na yi ta yi har wata ya mutu wani ya tsaya, sannan wata rana Kambarri ya zo wucewa ya ga abin da na yi ya sunkuya yana neman ramin. Dirrawa ta cika mini wani burgamin fata da jan rairayi.

Na ce, "Iya, hannu wofi dai zan koma."

Ta ce, "Ɗauki burgamin tukuna ka ji."

Komawa ba ta da labari, wahala ce kawai. Wani jirgin masunta ya tsince ni, wani ya miƙa ni ga wani. Taurarina suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Na bar takunkumi a hannun wani matuƙi a bakin abinci, kulki kuma ya zama sandar dogarawa. Burgamin nan ya ci mini kafaɗa har ƙashi.

Ran Laraba da hantsi na shiga Tsaunin Gwaska. Lantana na gani a ƙofar gida, ta dube ni ta dubi bayana, ba ta ga komai a biye ba, sai ta rufe baki da gyale. Na ce, "Tana nan?" Ta ce, "Tana nan, Yaya. Abin da ya saura."

Tana kan tabarmar, gaban turken, ta zama kamar karan dawa da aka lulluɓe da zane. Ta dube ni tun daga rawani har ƙafa.

"Gardi, ina sarƙar ubanka?"

"Wani ya haɗiye."

"Ina dabbar?"

Na kwance burgamin na zazzage a gabanta. Na share da tafin hannu, na dunƙule yatsu, na yi sawun tun daga bakin tabarmarta har gindin tulu. Na ce, "Ga ta nan ta wuce. Ruwa ta je nema. Bakin agwagwa gare ta, da gashin kyanwa. Ƙwai take yi, kuma ta shayar."

"Ƙarya kake."

"Wallahi na gani."

"Mai ƙwai ba ta nono. Ko yaron goye ya san wannan. Ka tafi ka bar ni shekara da shekaru, ka dawo mini da ƙasa da tatsuniya?" Muryarta ta fito da ƙarfin da ban zata tana da shi ba, har Lantana ta leƙo. Sannan ƙarfin ya tafi. Ta ce, "Hannu wofi ka dawo. Na cika nawa alkawarin." Ta juya mini baya.

Da yamma Lantana ta kawo ludayi, ta ƙi karɓa. Ban ce mata sha ba. Na yi alkawari. Na share rairayin ya yi sumul, kamar yadda Dirrawa ta koya mini, ba a barin sawun jiya ya kwana. Na tafi zaure na kwanta da nauyin da ya fi na burgami.

Da gari ya waye na shigo don in yi sawun ko da ba mai kallo. Sai na tarar an riga ni. Sawu ne ya taso daga gindin tulu, ya kewaya turken, ya zo ya tsaya a bakin tabarma. An yi bakin ƙoƙari, ga fatar tsakanin yatsu, ga jan wutsiya a tsakiya. Amma tafi uku ne. A wurin na huɗu, na baya na hagu, ja ne kamar an ja sanda.

Yalwa tana kwance ido rufe, yatsunta ja wur.

Ta ce, ba ta buɗe ido ba, "Ba ka gaya mini gurguwa ce ba."

Na sake duban jan nan na ƙafa ta huɗu. Na ce, "Hanya ce da nisa."

"Haka kuke, gardawa. Ku jawo dabba ba ku duba ƙafarta ba. Me take ci?"

"Tana."

"Tana! A wannan ƙasa mai tauri wa zai haƙo mata? Kai da ko tsayuwa ba ka iya yi?" Ta buɗe ido. "Lantana! Ina kunun nan? Ba ludayi ba, kawo ƙwaryar. Mutum ya yi haƙa da me, da iska?"

Na tsuguna ina kallonta tana sha, kaɗan-kaɗan, tana hutawa. Na ce tunda ran Laraba ta zo, ko mu sa mata Larai. Ta sauke ƙwaryar ta harare ni.

"A garinku ran haihuwa ake suna? Sai ran bakwai. Kuma ni zan zaɓa." Ta nuna da haɓa. "Tashi ka tumɓuke turken can. Tun asuba take tuntuɓe da shi."

Turken ya yi shekaru a ƙasa, ni kuma ba sauran ƙarfi. Na girgiza shi, na huta, na girgiza, tana daga tabarma tana gaya mini ba haka ake yi ba. Sai da rana ta kai tsaka ya fito.

Nan hikayar ta sauke kayanta, ni ma bari in sauke nawa. Wanda zai fita ta tsakar gida ya bi ta gefen bango, kada ya taka rairayin.